Gyaran da Na Yi wa Pijon Kawu Dalhatu

A aji uku na sakandare na bar makaranta. Ba korata aka yi ba, zaman benci ne ya gagare ni. Na gwada ɗinki wata biyu, na gwada sayar da batir a tashar Kabo, na gwada noman rani, babu wanda ya zaunar da ni. Da Inna ta gaji sai ta kai ni Durun wurin yayanta, Malam Dalhatu, ta ce ya riƙe ni ko Allah zai sa in natsu. Malam yana da tsohuwar Pijo mai ruwan ƙasa, idonsa kuma ya fara ƙin tuƙi. Shi ke nan na zama direbansa.

Kawu mutum ne mai jiki, Tubarkalla. Wurin zamansa ɗaya ne, kujerar baya ta hannun dama, da jakunkunan littattafai biyu a gefensa. In ya shiga, sai motar ta rusuna ta wannan gefen kamar mai gaida surukai.

Shekara ta biyu ke nan da ƙaddamar da Shari'a a Kano, an sa Malam cikin kwamitin sulhu. Litinin da Alhamis in kai shi Kabo, Asabar in kai shi Gwarzo ya ba da karatu. Ga wahalar man fetur. Gidajen mai a rufe, sai 'yan bumburutu a bakin titi. Allurar man motar ta mutu tun ina firamare, don haka Malam ya yanko wata siririyar tsumagiya ya yi mata tsaga-tsaga. Kullum safe zai zura ta a tanki, ya zaro, ya kai ta kusa da idonsa. Ya san abin da Kabo take sha, ya san abin da Gwarzo take sha. Ko bakin rafi ban isa in kai motar wanki ba tare da tsumagiya ta tona ni ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa Alhaji Maikuɗi, mai motocin haya a Gwarzo, ya sayo sabuwar bas da za ta riƙa zuwa Fatakwal, yana neman direba. Ni kuwa ban taɓa wuce Zariya ba. Tun da na ji labarin nan, ko tuwo nake ci Fatakwal nake gani.

Alhaji yana da yadda yake zaɓen direba. Akwai wani fili a bayan Gwarzo inda masu aikin titi suka ɗebi marmara suka tafi. Nan yake sa a jera gwangwanaye, a fitar da hanya mai kwana-kwana irin ta ƙasar kudu. Kowa ya zo da motar da ya samu, ya zagaya sau ɗaya, Alhaji yana riƙe da agogo. Wanda ya fi sauri bai ture gwangwani ba, shi ne. Tun da aka hana wasan mota a wurin kai amarya, samari ba su da wani kallo da ya wuce wannan.

An sa rana, wata ɗaya. Mota kuwa ba ni da wata sai ta Kawu, ita kuma ba ta son kwana. In ka juya sitiyari da ɗan gudu, jikinta ya kwanta gefe, hancinta ya ci gaba da tafiya gaba kamar jakin da ya hango gida.

Ranar Asabar, Malam yana ba da karatu, na gangara da motar wurin Jibirin mai walda, don shagonsa bai fi taku ɗari daga masallacin da ake karatun ba. Jibirin tsohon ɗalibin Malam ne, a hannunsa ya sauke. Na faɗa masa damuwata. Ya shimfiɗa kwali, ya ce in biyo shi ƙarƙashin motar.

"Ka ga wannan ƙarfen da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu?" Ya ƙwanƙwasa shi da sifana. "Sitabilaiza ke nan. Akwai na gaba, akwai na baya. In mota ta sha kwana za ta kwanta, shi ke murɗewa ya riƙe ta. In ka ƙara wa na gaba tauri, hanci ya ƙara gardama. In ka ƙara wa na baya, baya ya riƙa biyo ka da sauri."

"To a ƙara wa na baya."

"In ka wuce gona da iri, baya ya riga ka isa."

"Ba zan wuce ba."

"Kai? Zulkifli, kai da ko alwala a guje kake yi?" Ya yi dariya. "Kaɗan-kaɗan ake yi, ana yi ana gwadawa. Malam ya sani?"

Na ce ai gyara ne, ba ɓarna ba. Jibirin ya dube ni, ya jawo akwatin sifanunsa.

Ranar muka cire tsofaffin robobin da ke riƙe da ƙarfen, muka yanko tayar babbar mota muka maye gurbinsu. Saura gwaji. Ba ni da man da zan fita ni kaɗai, don haka filin gwajina ya zama hanyar gida. Akwai wata kwana a gindin tsamiya kusa da Masanawa, mai faɗi, ana hango abin da ke tafe. Duk lokacin da muka iso ta, sai in ɗan ƙi ɗaga ƙafa, in saurari abin da motar za ta faɗa mini. Malam kuwa in ya ji ta karkata, sai ya kama maɗaurin da ke saman ƙofa, ya kafe ƙafafunsa, ya zauna daram kamar turmi, bai fasa laziminsa ba.

Robar ta taimaka, amma hanci bai daina gardama ba. Asabar ta biyu Jibirin ya huda sabon rami a hannun ƙarfen, ya matsar da ƙusar ciki, don in hannu ya gajarta ƙarfe ya fi wuyar murɗewa. Na gwada a gindin tsamiya. Da sauƙi. Asabar ta uku muka ƙara matsarwa. Ta huɗu na ce a liƙa masa guntun rodi.

"Walda fa ba ta kwancewa da sifana," in ji Jibirin.

"Liƙa kawai."

Ya liƙa. Da yammar nan Pijo ta sha kwanar tsamiya kamar an zana mata layi. Ban san lokacin da na ce "Yawwa!" da ƙarfi ba. Malam ya ce, "Na'am?" Na ce tari ne ya sarƙe ni.

Akwai abin da Jibirin bai faɗa mini ba, ko ya faɗa ban ji ba. In ƙarfen ya yi tauri, duk ramin da ƙafa ɗaya ta faɗa sai motar gaba ɗaya ta amsa. Ni a gaba ban cika ji ba. Malam da ke zaune a kan ƙafar baya shi yake karɓar saƙon. Tun mako na biyu ya fara fitowa daga mota yana dafe da ƙugu.

"Zulkifli, wannan hanya ta lalace."

"Haka ne, Kawu."

"Ko damina ba ta faɗi ba. To in ta faɗi fa?"

"Sai addu'a, Kawu."

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Akwai kansilanmu, wanda lokacin neman ƙuri'a ya yi alkawarin zai zuba wa hanyar marmara. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, Malam ya tashi yin nasiha a kan amana. Bai kama suna ba, amma ya ce akwai mutumin da ya yi alkawarin hanya, yanzu hanyar tana karya bayan tsofaffi. Kowa ya waiwaya ya kalli kansila. Juma'a ta gaba Malam ya ƙara, har da ayoyi. Ta uku kansila bai zo sahun gaba ba. Ni dai ina can baya, kaina a ƙasa, ina cewa a raina in na tafi Fatakwal komai zai wuce.

Ranar gwaji ta faɗo Talata, ranar da Malam ba ya fita. Na sayar da rediyona na sayi galan ɗaya na ɓoye a bayan rumbu. Da safe na durƙusa na gaishe shi, na ce motar tana wata ƙara a ƙasa, zan kai wa Jibirin ya duba. Ya zura tsumagiya, ya ce in je in dawo kafin la'asar.

Na tarar fili ya cika. Alhaji Maikuɗi yana zaune a kujerar roba ƙarƙashin lema, agogo a hannu. Mu bakwai ne masu nema, amma wanda nake tsoro ɗaya ne, Lukuman, ɗan gidan direbobi, wanda ya zo da motar babansa. Ya zagaya Pijo yana shafa ta.

"A'a, motar kwamiti ce da kanta! Sulhu za a yi mana da gwangwanayen?"

"Bari dai ka gani."

An yarda kowa ya ɗana hanyar kafin a fara riƙe agogo. Na shiga, na yi bisimilla, na taka. Da na iso kwanar farko na juya sitiyari daidai yadda nake yi a gindin tsamiya. Hanci ya shiga lafiya lau. Sai na ji bayan motar ya yi sauƙi kamar ba a ɗaure yake da gaban ba. Kafin in ankara ya zagayo ya wuce ni. Da ƙura ta lafa, ina fuskantar inda na fito, ga gwangwani yana gangarawa a gabana.

Fili ya kaure da shewa. Lukuman ya kewaye bakinsa da hannu ya ɗaga murya.

"Zulkifli! Fatakwal ta can take! Nan hanyar Katsina ce!"

Na sake tayarwa. A kwana ta biyu ta juya da ni har sau biyu. Na tsaya, na ɗaga ido na kalli madubi don in ga ko Malam ya ji ciwo, kamar yadda na saba. Kujerar babu kowa.

A nan na gane. Wata guda ina gwada ƙarfen nan, ban taɓa gwada shi ba sai da Kawu da littattafansa a baya. Nauyinsa ne yake danne ƙafafun baya a ƙasa, shi ya sa hanci yake ta gardama, ni kuma nake ta ƙara tauri. Ban gyara motar don fili ba. Na gyara ta ne don Malam Dalhatu.

Na roƙi wasu 'yan acaɓa biyu da suka zo kallo su zauna mini a baya. Su biyun in an haɗa ba su kai Kawu ba, kuma ba su iya zama ba. Muna shiga kwana suka zame suka haɗu a ƙofa ɗaya suna salati, motar ta sake juyawa. Suka fita, ɗaya yana cewa shi matarsa tana da ciki, kada in ƙara kiransa.

Aka fara riƙe agogo. Mutum biyar suka yi, kowa ya ture gwangwani. Lukuman ya zagaya a natse, bai taɓa ko ɗaya ba. Ina tsaye jikin Pijo ina tunanin ko in sulale in tafi, sai na ji hayaniya ta lafa daga bakin fili. Na waiwaya. Ga ƙaramin babur ɗin Jibirin yana tahowa a hankali, tayar baya ta kusa shafewa, ga Malam a bayansa riƙe da rawani.

Ashe bayan fitowata aka aiko masa da rasuwa a Gwarzo. Ya hau acaɓa zuwa shagon Jibirin don ya tarar da motarsa. Jibirin kuwa zai iya rufa mini asiri a gaban kowa, ban da malamin da ya koya masa alif.

Alhaji ya miƙe da sauri ya ba shi kujera. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka tambayi jama'a, suka yi wa juna ta'aziyya, suka koka da tsadar mai. Duk ina durƙushe a gefe. Sai da suka gama tsaf Malam ya juyo.

"Zulkifli. An samu ƙarar?"

Na faɗa masa komai, tun daga robar taya har zuwa rodi. Ya saurara bai katse ni ba. Na zaci zancen ƙaryar safe zai fara yi. Sai ya ce:

"Tsaya. Wato hanya ba ta yi komai ba?"

"Tana nan yadda take, Kawu."

"Ramukan ba su ƙaru ba?"

"Ba su ƙaru ba."

"Inna lillahi." Ya dafe kai. "Juma'a uku ina cin naman bawan Allah a gaban jama'a. Har da ayoyi, Zulkifli. Ka sa na ɗauki hakkin mutum saboda guntun rodi."

Jibirin ya ce a hankali, "Allah gafarta Malam, ai dai bai zuba marmarar ba."

"Kai yi mini shiru. Da wutarka aka liƙa."

Alhaji yana ta ƙoƙarin haɗiye dariya. Ya ce saura ni kaɗai, zan yi ko na janye? Na ce motar ba za ta yi ba. Malam ya tambayi dalili. Jibirin ne ya amsa.

"Kai take buƙata, Malam. Da kai aka auna ta. In babu kai a baya, juyawa take yi."

Malam ya kalli gwangwanayen. Sannan ya dubi Alhaji.

"Alhaji, an sa wani abu a kai? Wanda ya faɗi zai biya?"

"Ko kusa, Malam. Neman aiki ne kawai."

"To ba caca ba ce." Ya miƙe yana dafe da ƙugu. "Yaron nan tun da aka haife shi ban ga ya yi wata guda a kan abu ɗaya ba sai wannan. Bari in ga abin da aka karya mini baya a kansa."

Ya buɗe ƙofar baya ta dama ya shiga. Motar ta rusuna. Jibirin ya kwanto akwatin sifanunsa daga babur ya ajiye a wurin littattafai. Babu wanda ya yi shewa, samari har da masu cire hula. Na kalli madubi. Malam ya kama maɗauri, ya kafe ƙafafu.

"Bisimilla. Kada ka kashe ni ban nemi gafarar mutumin nan ba."

Alhaji ya sauke hannu, na taka.

A kwanar farko hanci ya shiga, baya ya biyo shi ya tsaya inda ya kamata. Ta biyu haka. A ta uku na ji ƙafar baya ta ɗan ja ƙasa, na sassauta mata sitiyari kaɗan, ta dawo. Daga nan na daina jin tsoro. Ban ga mutane ba, ban ga lemar Alhaji ba, gwangwanaye kawai nake gani suna wucewa ta gefen ƙofa, kowanne a tsaye. A doguwar kwana ta ƙarshe, inda kowa yake ɗaga ƙafa, ban ɗaga ba. Na ji akwatin sifanu ya yi ƙara, na ji Malam ya ɗaga murya da hailala, muka fito.

Sai a lokacin fili ya fashe. Alhaji ya kalli agogo, ya sake kalla, ya ce na riga Lukuman da nisa. Lukuman da kansa ya zo ya ba ni hannu, ya ce amma a rubuta cewa mu biyu ne muka yi masa taron dangi. Malam ya fito, rawani ya koma kan kunne ɗaya, ya nemi ruwa.

Na ɗauka an gama. Na manta cewa a wurinmu ba a damƙa wa mutum mota sai wani babba ya tsaya masa. Baban Lukuman ya riga ya tsaya wa ɗansa tun makon jiya. Alhaji ya jira Malam ya sha ruwa, sannan ya ce:

"To Malam, hannu dai mun gani. Za ka tsaya masa?"

Malam ya gyara rawaninsa a natse.

"Alhaji, shaida ba a yin ta sai a kan abin da ido ya gani. Na zauna a bayan yaron nan wata tara. Bai taɓa buge ko akuya ba, ba ya shan komai, ba ya wasa da salla. Yau da safe kuma ya yi mini ƙarya, wannan ma na gani. Daga Gwarzo zuwa Kabo na san tuƙinsa, na tsaya masa. Abin da zai yi in ya wuce nan, ban gani ba."

"Kawu," na ce, "ai tuƙin ɗaya ne."

"Kai ma ka zaci motar ɗaya ce, da ni da babu ni."

Alhaji ya yi dariya har da tari. Ya ce magana ta ƙare. Yana da wata tsohuwar bas da ke jigila tsakanin Gwarzo da Kabo, direbanta ya tsufa, ya ba ni ita. Ta Fatakwal kuwa Lukuman.

Daga nan muka je gidan rasuwa muka dawo. Washegari Jibirin ya yanke rodin, ya mayar da ƙusa ramin farko. Ranar Alhamis na kai Malam gidan kansila, ya sa ni na durƙusa a gefensa na yi bayanin sitabilaiza tun daga farko, kansila yana ta cewa ya yafe, ya yafe, don Allah a tashi.

Yanzu wata bakwai ke nan ina jan bas. Sau shida nake zuwa Kabo in dawo a yini, na san kowace akuya a hanyar da fuska. Lukuman yana zuwa duk mako biyu, ya kawo mini kwakwa, ya ba ni labarin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Malam ya jingine Pijo saboda mai, bas ɗina yake hawa, a gidan gaba. Da ya tashi zuwa Kano sayen littattafai ni na kai shi, da muka dawo ya aika wa Alhaji cewa shaidarsa ta kai Kano. Watan jiya an yi ɗaurin aure a Kwanar Ɗangora, na kai shi, shaida ta ƙara matsawa.

Na tambayi Lukuman garuruwa nawa suka rage daga nan zuwa Fatakwal. Ya fara lissafawa da yatsu, ya gama hannu biyu, ya ce in ara masa nawa. Malam kuma ya ce ba shi da wata tafiya sai bayan azumi.